Lesin ɗin dogon hutu ga yaron da karatu ya gagara: yadda ake tsara shi daga gwaji zuwa komawa makaranta

Dogon hutu a Kaduna yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, a tsakiyar damina. Da an rufe makarantu sai ka ga sanarwar lesin a bangon kusan kowace makarantar kuɗi, daga Kawo zuwa Rigasa har Sabon Tasha. Mafi yawansu abu ɗaya suke yi: a tara yara bisa ajin da za su shiga, a fara musu darussan zango mai zuwa. Yaron da ya iya karatu zai ƙaru. Amma wanda ya kai aji 4 ko aji 5 bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuɗin iyayensa ne kawai ke tafiya, domin an ɗora masa sabon kaya alhali na baya ma bai ɗagu ba. Wannan jagora domin irin wannan yaron ce, kuma ta dogara ne kan abu guda: a gano inda karatunsa ya tsaya, a fara daga nan, ko da shekarunsa 12 ne kuma abin da yake buƙata na ɗan aji 1 ne. Ba sabuwar dabara ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi fice da ita, an kuma yi aiki da ita a wasu jihohin Arewa, ciki har da Borno. Malami ɗaya da ɗaki ɗaya da mako 6 sun isa a gudanar da ita.

Gwajin farko

Kada a buɗe aji sai an gwada kowane yaro shi kaɗai. Sakamakon jarrabawar makaranta ba ya nuna matakin karatu, domin yaro na iya cin jarrabawa da hadda ko da leƙen na kusa da shi. A ware kwana biyu na farko domin wannan aiki, minti 5 ga kowane yaro, a gefe guda inda sauran ba za su ji ba.

Takarda ɗaya ake buƙata, mai kashi huɗu, da rubutu manya-manya. Kashi na farko haruffa 10 a warwatse, ba bisa jerin abacada ba. Na biyu kalmomi 10 masu gaɓa biyu, irin su rana, keke, tuwo, gida, hula. Na uku sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, misali: "Kaka ta dafa tuwo. Ta zuba miyar kuka. Yara sun ci sun ƙoshi. Sun wanke kwano." Na huɗu ɗan labari mai kalmomi 60 zuwa 80, da tambayoyi biyu a kansa.

A fara da sakin layin. Idan yaro ya karanta shi bai yi kuskure fiye da uku ba, a wuce da shi labarin; in labarin ya gagara, matakinsa na sakin layi ne. Idan ya kasa, ko yana tsayawa yana harhaɗa kowace kalma har ma'anar ta ɓace, a dawo da shi kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta. Ya ci huɗu, matakinsa na kalma ne. Bai ci ba, a koma haruffa, ya zaɓi biyar. Ya ci huɗu, matakinsa na harafi ne. Bai ci ba, ɗan farawa ne. Malami kada ya gyara masa, kada ya nuna ɓacin rai, kada kuma ya fara masa kalmar. Wannan na ƙarshen shi ne kuskuren da ya fi yawa, saboda tausayi yakan sa malami ya ce "tu..." yaro ya ƙarasa "tuwo", sai a rubuta ya iya.

A shirya takardar gwaji kala biyu masu nauyi ɗaya. Yara kan faɗa wa juna abin da aka tambaye su, kuma ta biyun za ta yi amfani a gwajin ƙarshe.

Rabon rukuni da maganar iyaye

Rukuni uku sun wadatar: 'yan farawa da 'yan harafi wuri guda, 'yan kalma wuri guda, 'yan sakin layi da waɗanda ke karanta labari amma ba sa fahimta wuri guda. Rukunin farko kada ya wuce yara 12 ga malami ɗaya, sauran za su iya kaiwa 20. Idan malami ɗaya ne kacal, gara a raba lokaci, wannan rukuni da safe, wancan da hantsi, a kan a cuɗa su.

A nan rigima takan taso. Ɗan aji 6 zai tsinci kansa kusa da ɗan aji 2, ya ji kunya, mahaifinsa kuma ya ji an raina masa ɗa. Hanyar rage wannan ita ce a ba rukunonin sunan launi ko na tsuntsu, a guji kiran su "na ƙasa" da "na sama", a zaunar da manyan a gefe ɗaya, a riƙa ba su ɗan shugabanci kamar rabon kati da riƙe rajista. Iyaye kuma a kira su tun kafin a fara, a nuna musu takardar gwajin da idonsu. Magana irin wannan takan shiga: "Baba, yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, tsani ɗaya ne ya tsallake. Ku ba mu mako shida, za mu sake gwada shi a gabanku." Idan mai unguwa ko limami ko fasto ko shugaban kwamitin kula da makaranta ya halarci wannan zama, zuwan yara yakan fi ɗorewa, musamman 'yan matan da ake ɗora wa talla da safe.

Wuri, lokaci da kayan aiki

Awa biyu a rana, Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8:30 zuwa 10:30 na safe. Fiye da haka yaron da karatu ke ba wuya ya gaji, kuma wannan lokacin ba ya cin karo da Islamiyyar yamma. A tambayi iyaye ko akwai masu zuwa makarantar allo da sassafe, a daidaita. Ranar Juma'a ta bita ce, ba a kawo sabon abu. Tun da damina ce, a zaɓi ɗakin da ba ya yoyo kuma yara ba sai sun tsallaka kwalbati ko rafi ba kafin su iso. A unguwannin da ke bakin kogin Kaduna wannan ba ƙaramar magana ba ce a watan Agusta. A kuma amince tun farko cewa ranar da aka wayi gari da ruwa za a fara da zarar ya ɗauke, ba a soke darasi ba.

Kayan aiki ba su da tsada. Kwalayen taliya ko na sabulu da za a yanka kati-kati kamar faɗin tafin hannu, maka baƙa da ja, alli, tabarma, littafin rubutu ɗaya da fensir ga kowane yaro. A rubuta baƙaƙe da baƙar maka, wasula da ja. Kowane yara huɗu su sami jerin kati nasu, wato kati ɗaya na kowane baƙi da kati biyu na kowane wasali, a ɗaure da roba a saka a leda saboda laima. Babban jadawalin gaɓoɓi kuma a manna a bango: baƙaƙe a jere daga sama zuwa ƙasa, wasula biyar a sama, kowane gida da gaɓarsa.

Me ya sa za a fara da Hausa

Iyaye da yawa Turanci suke so, kuma suna da hujja, tun da da shi ake rubuta jarrabawa. Amma rubutun Hausa yana tafiya daidai da furuci: harafi ɗaya sauti ɗaya kusan ko'ina, wasula biyar ne, gaɓoɓi kuma gajeru. Yaron da ya haɗa "ra" da "na" nan take zai ji kalmar da ya sani, wannan jin kuwa shi ne ke nuna masa cewa rubutu magana ce. A Turanci zai haɗa sautin da kyar, ya fito da kalmar da bai san ma'anarta ba, ga wasali ɗaya da furuci iri-iri. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyon ta, daga baya ta bi yaro zuwa kowane harshe. Yaran da Gbagyi ko Jju na mutanen Bajju ko Fulatanci ne harshen gidansu, in dai suna wasa da Hausa a layi, su ma Hausar ta fi musu sauƙi. Wanda ba ya jin ta sosai, a ƙara masa lokacin hira da labari kafin a matsa masa da rubutu.

Rukunin farko: yadda awa biyun ke tafiya

Minti 15 na farko malami ya karanta ɗan labari ko tatsuniya da babbar murya, yana bin rubutun da yatsa, ya tsaya ya tambaya: "Me kuke gani Gizo zai yi yanzu?" Minti 10 na wasan kunne ne, ba rubutu: a tafa gaɓoɓin sunayen yara, a nemi kalmomin da suka fara da sautin da "masara" ta fara da shi, a cire gaɓar farko ta "tabarma" a ji abin da ya rage. Yaron da kunnensa bai rarrabe sautukan cikin kalma ba, harafi ba zai zauna masa ba, don haka kada a raina wannan wasan. Sai minti 25 na sabon harafi da gaɓoɓi, hutun minti 15, minti 25 na gina kalma da karatu bibbiyu, minti 20 na shifta, minti 10 na ƙarshe a ba da aikin gida.

Ba a bin jerin abacada. A fara da haruffan da suka fi yawa a magana domin yaro ya karanta jimla tun makon farko. Mako na 1: a, n, k, m, i, u. Da su kaɗai ana samun nama, kunu, kaka, kuka, da jimloli kamar "Mama na nan" da "Kaka, ina nama?" Mako na 2: s, r, d, t, o, e, sai a sami doki, rake, dare, tasa, "Doki na kan tudu." Mako na 3: b, g, y, w, l, f. Mako na 4: h, z, j, c, ƙ, ɗ. Mako na 5: ɓ da 'y, da tagwayen baƙaƙe sh, ts, kw, gw, ky, ƙw. Mako na 6 na ƙarfafawa ne da karatun gajerun labarai. An raba d da b da mako guda da gangan, domin idan aka koyar da su tare rikicewarsu takan daɗe.

Sautin harafi ake koyarwa, ba sunansa na Turanci ba. Yaron da aka saba masa da "em, e, em, e" ba zai taɓa fitar da "mama" daga ciki ba. A ce "mmm", a ja shi, a kawo katin "a" kusa da shi a hankali har su haɗu su zama "ma". Harafin c ma a kula da shi, yaran da suka yi waƙar abacadar Turanci sukan kira shi "si", alhali a Hausa sautin farkon "ciki" ne. Mataki uku ake bi a kowane sabon abu: malami ya yi su gani, a yi tare, sannan kowane yaro ya yi shi kaɗai. Na ukun nan shi ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne darasin.

Yaran da suka yi makarantar allo suna da wata riba da ya kamata a yi amfani da ita. Sun san babbaƙu da farfaru, wato sun riga sun gane cewa baƙi shi kaɗai ba ya furtuwa sai an sa masa wasali. A gaya musu kai tsaye cewa abin nan ɗaya ne, sai dai a boko wasalin yana zama a gefen dama na baƙin, kuma daga hagu ake farowa. A sa ɗigo ja a gefen hagu na kowane layi a littafinsu na mako biyun farko.

Baƙaƙe masu lanƙwasa suna buƙatar haƙuri, saboda yara sun saba ganin rubutun waya da na allunan talla inda ba a sa su. A koyar da su da kalmomi bibbiyu da lanƙwasar kaɗai ta raba: kafa da ƙafa, baki da baƙi, daka da ɗaka, bari da ɓari. A faɗi kalma, yaro ya ɗaga katin da ya dace. Wurin tuntuɓe na biyu shi ne rufaffiyar gaɓa, mai ƙarewa da baƙi, kamar a ganga, tambaya, hannu, babba. Yaro zai karanta "gaga" ko ya rubuta "hanu". Maganinsa a raba kalmar da kati, gan da ga, han da nu, a sa ya tafa kowace gaɓa kafin ya rubuta.

Shifta kullum ce: gaɓa uku, kalma biyar, jimla ɗaya, duk daga haruffan da aka riga aka koyar. Malami ya zaga ya duba nan take, ba ya tara littattafai ya tafi da su gida ba. Kwafar rubutu daga allo ba shifta ba ce, yaro na iya cika shafi da kyakkyawan rubutu bai san abin da ya zana ba.

Rukuni na biyu da na uku

'Yan kalma sun san haruffa, abin da ya rage musu shi ne sauri. Sukan ɓata ƙarfinsu wajen harhaɗawa har su manta farkon jimla kafin su kai ƙarshenta. A ba su minti 10 kan jadawalin gaɓoɓi, malami na nuna gidaje a warwatse, sannan gajeren rubutu mai jimla biyar ko shida da za a karanta sau uku: malami ya karanta, a karanta bibbiyu ɗaya na bi da yatsa, sannan kowa shi kaɗai. A yanka jimla kalma-kalma a cuɗa, su mayar da ita daidai. Kowace Juma'a a ɗauki agogon waya, yaro ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a rubuta a bayan littafinsa. Da kansa ake gwada shi, ba da wani ba, kuma ganin lambar tana hawa yana ƙarfafa yara fiye da alewa.

'Yan rukuni na uku suna karatu ba gargada sosai, amma ka tambaye su me labarin ya ce sai su yi shiru. Su nasu aikin hira ce a kan rubutu: wa ya yi, me ya yi, don me, me ya biyo baya. A sa su sake ba da labarin da bakinsu, su canza masa ƙarshe, su rubuta jimla uku zuwa biyar kan abin da suka sani, kamar yadda ake dama kunu ko abin da ake sayarwa a Kasuwar Barci. Idan littattafai sun yi ƙaranci, rubutun da suka yi da kansu, bayan an gyara, shi ne abin karatun rukuni na biyu.

Wannan rukunin ne za a fara wa Turanci, daga mako na 3, minti 30 a rana. A fara da gajerun kalmomi masu bin ƙa'ida, a nuna musu a fili inda harsunan biyu suka saɓa: sautukan p da v da babu su a jerin haruffan Hausa, baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali a tsakani, da wasulan da ke canza furuci. Kowace kalma a tabbatar sun san ma'anarta kafin su karanta ta. Waɗanda makarantarsu ke amfani da Jolly Phonics, tsarin koyar da sautukan Turanci da alamun hannu, a ci gaba musu da alamun hannun da suka saba, kada a kawo wasu.

Abin da ke lalata shirin

Amshi shi ne babban abokin gaba. Malami ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, ana jin daɗi, alhali yara uku ne ke karatu sauran suna bin murya. Duk abin da aka yi da amshi a bi shi da tambayar ɗaiɗaiku, a kuma sauya jerin kati kullum don kada a haddace wuri. Na biyu bulala. Yaron da ke tsoron duka ba ya gwada kalmar da bai tabbata ba, karatu kuwa da gwaji ake koyon sa. A ajiye ta gaba ɗaya, har da tsawa da barin aji ya yi wa wani dariya. Na uku, barin yaro a rukuni ɗaya har ƙarshe. A ƙarshen mako na 2 da na 4 a sake ɗan gwaji, wanda ya wuce a ɗaga shi washegari. Na huɗu matsin iyaye na a koma lissafi da darussan aji. Idan ana son lissafi a ƙara masa rabin awa daban, kada a ci lokacin karatu.

Fashi ma yana kashe aiki, kuma a damina zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba wajen jawo shi. Yaron da ya yi kwana biyu bai zo ba a aika gidansu a ranar, idan ya dawo a zauna da shi minti 10 kafin a fara aji a cike abin da ya wuce shi. Wanda ke zuwa bai karya ba yakan fara gyangyaɗi kafin ƙarfe 10, don haka a roƙi iyaye ko da koko da ƙosai ne.

Aikin gida kaɗan ne: katin kalma biyar ko ɗan rubutu guda, yaro ya karanta wa wani a gida minti 10. Ko uwar ba ta yi boko ba za ta iya saurare, ta ce "Sake karanta mini wannan," tun da Hausa ce za ta gane idan abin da ya faɗa ba magana ba ce.

Yaron da bai motsa ba

Idan an yi mako uku yaro na zuwa kullum amma harafi shida na farko ba su zauna ba, kada a ce daƙiƙi ne. A fara duba ido da kunne. Yana matse ido ko kai takarda dab da fuska? A rubuta haruffan da ya sani a allo, a tsayar da shi a ƙarshen aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. Yana juyo da kunne guda, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ba ya amsawa idan an kira shi daga baya da ƙaramar murya? Kaduna ta yi sa'a a nan, domin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana wajen Mando, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ma a cikin gari take. A ba iyaye shawara su fara da asibitin unguwa a tura su. Idan ido da kunne lafiya, yaron kuma yana da wayo a magana amma sauti da harafi sun ƙi haɗuwa, to yana buƙatar tafiya a hankali: harafi biyu a mako, shi da malami ko cikin yara uku, yana zana harafin a yashi da yatsa yana furta sautin, ana maimaita na jiya kafin a taɓa na yau. Irin wannan yaron mako 6 ba za su ishe shi ba, kuma gara a gaya wa iyayensa haka tun da wuri.

Makon ƙarshe

A kwana biyun ƙarshe a yi gwaji da takarda ta biyu, bisa ƙa'idar farko, zai fi kyau wani malamin daban ya yi shi. A rubuta wa kowane yaro rabin shafi: matakin da ya shigo da shi, wanda ya fita da shi, haruffa ko gaɓoɓin da har yanzu ke ba shi wuya, da yawan kalmomin da yake karantawa a minti ɗaya. Kwafi ɗaya na iyaye, ɗaya a kai wa malamin ajin da zai shiga ta hannun hedimasta a makon farko na komawa. A nemi makarantar ta ware minti 30 sau uku a mako ga waɗanda ba su kai matakin sakin layi ba, a bar musu jerin katin da jadawalin bango su ci gaba da su har ƙarshen zangon farko, sannan a sake gwada su a watan Disamba kafin a tafi hutu.